Wai Auta Ba Ta Kallon Malami

Yaya,

Ina gaishe ki, da fatan kuna lafiya ke da yara. Ya ƙafar Inna? Mu lafiya lau. Aikin wanki a asibiti yana tafiya, tsayuwar ce dai, kuma na fara sabawa.

Amma raina a ɓace yake. Wasu masu bincike sun yi sati biyu a makarantar su Auta, suna zama a bayan aji suna rubuta halin yara. Jiya aka kira ni. Wata mata daga cikinsu ta karanta mini cewa Auta tana sunkuyar da kai idan malami yana mata magana, wai alamar tsoro ce, ƙila ana dukanta a gida. Na ce, "Baiwar Allah, ladabi ne, ni na koya mata." Wannan ma ta rubuta!

'Yata da ban taɓa ɗaga wa hannu ba, Yaya! Na dawo na bi littafin da nake rubuta abubuwan kullum, tun farkon shekara. Sau uku na yi mata tsawa, ɗaya ma don ta bar dutsen guga a kunne. Ko ya yi yawa?

Ranar Litinin za su zo gida. In ba su gamsu ba, suna iya sa hukuma ta ɗauke ta daga hannuna. Sai na zaunar da ita na ce ta kalle ni cikin ido, mu gwada. Ta kalle ni tsaf. Ni ce na kasa.

Kada Inna ta ji. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki