Ƙafafun Kwikwiyon Alhaji

Daren Laraba, Kara-Kara

Barci ya ƙi zuwa, bari in faɗa wa wayar nan. Kwikwiyon da Alhaji ya ba Baban Habu riƙo, irin manyan karnukan nan, ƙafafunsa sun kumbura, zafi rau, ya kasa tashi. Kuma kullum tare suke wasa da Habuna! Na garzaya asibitin dabbobi, na tambaya ko ciwon zai iya kama yaro.

Likitan dabbobi ya ce, "Baiwar Allah, ba ya kama mutum. Ƙashin kwikwiyon ne ke saurin girma. Ki rage masa abinci."

Ikon Allah, ashe girma ma yana zama cuta? Ni da nake ɗura wa Habu kunu don ya yi saurin tasawa? Yanzu na tattaɓa gwiwoyinsa, sanyi ƙalau. Gobe dai sai na koma wurin likitan na tambaya, ko da zai yi mini dariya.