Bututun Kiristal na Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Shekara ashirin da biyu a ɗakin gwajin nan. Da tsintsiya na shigo. Tanderu ni na haɗa shi, hura gilashi ni na koya wa kaina, kiristal ɗin, ɗan dutsen nan mai ƙyalli da suke taƙama da shi, hannun nan ne ya raine shi wata tara a bututun gilashi. Ba wanda ya ɗora ni. Takardar sakandare kaɗai.

Laraba, 5 ga Maris
Sakamako ya fito. Dakta, wadda ke awon, ta ce sun sanyaya kiristal na bakwai har kusa da ƙarshen sanyi, amma ƙananan maganaɗisun cikinsa sun ƙi tsayawa. Uku-uku suke zaune, in biyu suka juya wa juna baya na ukun ya rasa inda zai fuskanta, sai su yi ta motsi kamar ruwa. Abin da aka daɗe ana nema ke nan. Farfesa, shugaban ɗakin, ya ce sunana zai shiga cikin marubutan takardar da za a tura wa mujalla, ba can ƙasa wurin godiya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Dakta ta tambaye ni ko a sabon bututu na raini na bakwai. Wai ɗan datti kaɗan na iya kwaikwayon wannan motsi. Na ce ƙwarai. Ta nemi littafin aiki, na nuna mata kaina. Ta ce, "Baba, ai kai ba ya shiga mujalla."

Asabar, 8 ga Maris
Bututun ba sabo ba ne. Wankewa nake in sake amfani, ban iya zubar da gilashi mai kyau ba. Wannan an taɓa dafa garin ƙarfe a cikinsa. Sau uku na wanke shi da asid. Uku ko biyu?

Lahadi, 9 ga Maris
Uwar yara ta riga ta baza wa danginta cewa sunana zai fito a takardar. Yayanta har ya fara ce min Farfesa.

Talata, 11 ga Maris
Jumma'a za su tura takardar. Ba wanda ya san zancen bututun sai ni.

Alhamis, 13 ga Maris
Na faɗa. Farfesa bai ɗaga murya ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. An jingine takardar, sai na raini wani, wata tara kuma. A hanya na sayi littafi mai layi na rubuta aiki, ba don maganar kowa ba.
Dakta na so ta rufa min asiri, wai za ta sa a rahoto an samu matsala wajen shiri, ba suna. Na ce a'a, 'yata. Ni ne na yi kuskuren, kuma ni na tono shi. A rubuta sunana, cikakke.