Kada Ki Zaɓi Makaranta Saboda Ni

Zuwa ga 'yata, Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Mamanki da ƙannenki. Yaya tarin Auta, ya yi sauƙi? Ni lafiya lau nake, sai dai gwiwar nan da ke ɗan yi mini tsiya idan na daɗe tsaye a gaban injin. Ba abin faɗa wa Mamanki ba ne.

Kin ce cikin makarantun likitanci kin fi son ta garin nan, don ki zauna wurina ki riƙa yi mini girki. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Amma Uwata, ɗakin nawa ba yadda kike tsammani yake ba. Muna da yawa a ciki, gadon ma karɓa-karɓa muke yi da mai aikin dare. Ba ƙorafi nake ba, mutanen kirki ne.

Ranar hutuna na je na leƙa makarantar. Gini kam sai wanda ya gani, amma ba su da asibitin kansu. Sai an kwashi ɗalibai a mota zuwa wani gari kafin su ga majiyyaci. Ta kusa da gida kuwa, asibitinta na jikinta. Ita za ki sa a farko.

Ki zauna kusa da Mamanki ki yi karatunki, ni zan zo in same ki. Gwiwar nan ban nuna wa kowa ba, ke na ajiye wa.

Allah Ya yi miki albarka.

Babanki