Ni ce na karya farashin wayar mutumin da ya ɗaura mini aure

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata. Masu karatu kuma ina roƙonku ku sassauta mini, duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina. Shawara nake nema, in har akwai wadda ta rage.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a unguwar Kinkinau. Maigidana yana da shagon waya a wajen Babbar Kasuwa. Da ciniki ya ja baya sai ya buɗe shafi a intanet na sayen wayoyin da aka yi amfani da su, da wani sunan mace wanda ko a dangi ba wanda ya san nasa ne. Ni ya ɗora wa aikin amsa saƙonni, wai na fi shi iya lallashi. Mutum zai turo hoton wayarsa, in faɗa masa farashi mai tsoka wanda ba zai samu a kasuwa ba, in ya yarda mu tura mai babur ya karɓo. Da ta shiga hannun maigidana sai labari ya canza: batir ya yi sanyi, ruwa ya taɓa shiga, an taɓa buɗe ta. Wanda ya ce a dawo masa da kayansa, sai in ce zai biya kuɗin dubawa da na babur zuwa da komawa. Yawancinsu matsuwa ce ta sa su sayarwa, za su yi ta faɗa, daga baya su turo lambar asusu. Na san ba daidai ba ne. Amma tunda ba fuskar kowa nake gani ba, sai nake ce wa kaina ciniki ne kawai.

Watannin baya wani mutum ya turo hoton waya mai tsada, tsaf kamar ba a taɓa ta ba. Ban san lambar ba, hoton da ke kanta ma na masallaci ne. Muka daidaita, ya ce mai babur ya same shi a bakin wani gidan mai, kada ya zo gida. Da wayar ta iso maigidana ya cire sikirin ɗinta na asali ya sa wa wani kwastoma, ya maƙala mata na jabu, ya ce in gaya wa mai ita an taɓa canza sikirin, kusan rabin kuɗin ya tafi. Na rubuta kamar yadda na saba. Sai ga saƙon murya ya shigo. Anti, sallamar kawai na ji na gane mai muryar.

Zan kira shi Baba Malam. Aminin mahaifina ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Unguwar Rimi. Lokacin da mahaifina ya kwanta jinya, shi ya riƙe karatuna, a gidansa na zauna har na gama kwaleji, matarsa Mama ita ta koya mini tuƙin tuwo. Ranar aurena shi ne waliyyina. Muryarsa ce take cewa a hankali, "'Yar nan, ki sake dubawa. Daga kwali na ciro wayar nan da hannuna."

Da maigidana ya dawo na tare shi tun daga ƙofa na ce, "Abban yara, wayar Baba Malam ce. Don Allah a biya shi cikakke." Ya ce, "Sikirin ɗin ya tafi, kuɗin kuma na zuba a kaya. Mutum mai gida da katanga a Unguwar Rimi, me wannan zai rage masa? Ai bai san mu ne ba." Na ce ni ba zan iya ba. Ya ce, "To ki je ki faɗa masa. Amma ki tuna wa ya rubuta saƙonnin." Na so in yi gardama, sai na tsinci kaina ina ɗora tukunya kamar ba abin da ya faru.

Washegari da hantsi tawa wayar ta yi ƙara. Baba Malam ne, da lambarsa da na sani. Bayan mun gaisa ya ce, "Akwai maganar da zan yi miki, amma kada mahaifinki ya ji." Ashe fanshonsa ya daɗe ba ya shigowa. Mama kuma hawan jinin ido ya kama ta, likita ya ce a yi aiki da wuri. Wayar ɗansa ne ya aiko masa kafin shi ma aikinsa ya tsaya, ita kaɗai ce abin da zai iya sayarwa maƙwabta ba su lura ba. Ya ce, "Mijinki ya san harkar nan. Tambayar mini shi, zai yiwu sabuwar waya ta zo da sikirin na jabu?" Anti, wayar kasuwancin tana kan cinyata a lokacin, saƙonsa yana buɗe a kai. Kin san me na ce? Na ce, "Baba, wai yana yiwuwa, wani lokaci tun daga waje ake canzawa." Ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka." Wace irin mace ce take karɓar albarka a kan wannan?

Haka muka yi ta yi. Da wannan wayar ina ba shi haƙuri, da waccan ina ja da shi. Ya ce a dawo masa da ita, na lissafa masa kuɗin dubawa. Ya ce zai kai ƙara wurin 'yan sanda, maigidana ya tsaya a kaina ya ce in ban tsorata shi ba asirinmu zai tonu. Ba shi ya zaɓi kalmomin ba, ni ce. Na rubuta, "Malam ka daina yi mana ƙarya, irinku mun saba gani." Bai ƙara musu ba. Ya turo lambar asusun Mama, da sunanta cikakke, na tura abin da aka ce in tura, na toshe shi.

Kuɗin ba su kai ba. Aka ɗaga aikin idon Mama, kafin ya haɗa sauran kuɗin, likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi, sai dai a yi ƙoƙarin tsare na dama. Ko da an yi da wuri zai tsira? Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya. Na sayar da ɗan kunnena na zinare, na hau keke napep na je dubiya. Mama tana zaune a falo, sai da ta juya kanta gaba ɗaya kafin ta gan ni, ta ce, "Ke ce? Matso ta wannan ɓangaren." Da zan tafi na ajiye kuɗin a gefen Baba Malam, ya tura mini abina ya ce, "Ni da na aurar da ke, ke za ki ciyar da ni? Ɗauki ki saya wa yara wani abu." Ya rako ni har bakin get, a nan ya ce, "Kuɗin nan na bar wa Allah. Amma yarinyar da ta kira ni maƙaryaci, na yi ƙoƙari zuciyata ta ƙi sakinta. Na gama aikin gwamnati ba wanda ya taɓa faɗa mini haka. Ina ta tunanin ko tana da uba." Na ce, "Allah ya shirye ta, Baba." Ya ce amin.

Tun daga ranar na daina amsa saƙonnin shafin. Maigidana ya karɓe wayar ya ci gaba da kansa, ya ce in na buɗe baki in haɗa kayana. In na faɗa, aurena ya mutu, maigidana zai iya kwana a hannun 'yan sanda, kuma mahaifina mai ciwon zuciya zai ji abu biyu a rana ɗaya: talaucin da amininsa ya ɓoye masa, da abin da 'yarsa ta yi. In na yi shiru, da wace fuska zan riƙa cin tuwon Mama? Ko da na mayar da kuɗin a ɓoye, ido zai dawo? Sallah nake yi amma in na ɗaga hannu ban san me zan roƙa ba, don wanda na zalunta yana nan da ransa kuma na kasa zuwa gabansa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya Baba Malam ya kira ni. Wani ya ba shi shawara ya wallafa abin da ya faru a intanet don kada wasu su faɗa. Ya ce shi bai iya tsara irin wannan rubutun ba, kuma ba wanda ya san sirrinsa sai ni. Ya turo mini hotunan hirar gaba ɗaya, ya ce in karanta da kyau, ranar Asabar in zo gida mu zauna mu rubuta tare. Na ce to.

Anti, jama'a, Asabar ta kusa. Me zan yi?