Kada Baffa Ya Ƙone Ganyen Mangwaro

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya aiki, ya Anti Maryam da yara? Mu nan Dutse lafiya lau, sai dai ni hankalina a tashe yake.

Aikina na kammala jami'a a kan ƙwarin da ke zaune cikin ruɓaɓɓen ganye ne. A lambun Baffa na Kiyawa, gindin mangwaro, na samo wasu 'yan mitsi-mitsi, ba su kai ƙwayar riɗi ba, bakinsu tsini kamar na kuɗin cizo. Malamina ya duba su a madubin ƙara girma, ya ce duk mata ne. Wai sai da namiji ake gane irinsu, don bambancin a ƙarshen cikinsa yake. Har yanzu namijin nake nema a cikin ganyen.

Yanzu Baffa zai yi sharar gona, ya cinna wa ganyen wuta kafin ruwa ya sauka. Na roƙe shi, ya ce, "In tara macizai a lambuna saboda abin da ido ba ya gani?"

Yaya, maganarka yake ji. Ka roƙar min gindin bishiya ɗaya tak.

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. Don Allah ka kira shi yau, ya riga ya tara ganyen tsibi-tsibi.

Ƙanwarka,
Hadiza