Rasuwar Alhaji Ladan Garuba da Kwanduna Bakwai da Aka Tumɓuke

Cikin alhini mai nauyi, wanda ba za mu ɓoye cewa ya gauraya da ɓacin rai ba, Ƙungiyar Masu Wasan Jefa Faifai ta Maitumbi, Minna, ta samu labarin rasuwar wanda ya kafa ta, Shugabanta kuma Ubanta, Alhaji Ladan Garuba, tsohon babban mai walda a ma'aikatar jirgin ƙasa, wanda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Talatar da ta gabata yana da shekara saba'in da ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Domin waɗanda ba su san wasan ba, har da manyan da suka zo jana'iza suna yabonsa alhali ba su taɓa taka filin ba, ga yadda yake: faifan roba ake jefawa daga nesa zuwa cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da ke bisa turke, wanda ya kammala zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Marigayi ya gano wasan lokacin da ya ziyarci ɗansa, Injiniya Anwar, a ƙasar waje, ya dawo da fayafai shida a jaka da zanen kwando a bayan takarda, ya zauna a ƙofar gidansa ya ƙera kwanduna tara da hannunsa daga tsofaffin sarƙoƙin babur da gindin durom, ya kafa su a fegin bayan unguwa da kowa ya mayar juji, bayan ya yi wata biyu yana kwashe shara. An kira shi tsoho mai wasan yara. An ce fansho ya taɓa masa kai. Muna nan, mun ji da kunnenmu, kuma mun san bakunan.

Abin da masu dariyar ba su damu su tambaya ba shi ne dalilin da ya sa duk Asabar ɗin farkon wata ake ganin keke napep a jere bakin filin. Gasar Alhaji ba ta da kofi. Da an tashi, duk ɗan wasan da lokacin ba da jininsa ya yi sai ya hau keke a wuce asibiti, a ba da jini domin masu ciwon sikila, bisa jerin sunayen iyalai arba'in da uku da ma'aikaciyar jinya, Sista Faith Ndatsu, take riƙe da shi. Dokarsa ɗaya ce, kuma bai taɓa sassauta ta ga mai rawani ko mai digiri ba: wanda ya zo na ƙarshe a wasa shi zai fara miƙa hannu. Yakan ce, "Tunda hannunka bai yi jifa ba, Malam, sai ya yi wani amfanin." Mai wannan rubutu, wanda ya shekara talatin yana koyar da lissafi amma bai taɓa auna nisan kwando daidai ba, ya fi kowa jin wannan magana.

Wata biyar ke nan da wasu da ke kiran kansu kwamitin raya unguwa suka wayi gari suka tumɓuke bakwai daga cikin kwandunan, suka sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli, wai za a gina shaguna. Har yau ko bulo ɗaya ba a aza ba, shara ce ta dawo mazauninta. Wasa ya tsaya, 'yan wasa suka watse, kekuna suka daina zuwa. Alhaji, wanda likita ya riga ya hana ba da jini saboda shekaru, shi ya koma bin gidaje da ƙafa a cikin rana yana roƙon mutum ɗaya-ɗaya ya je ya ba da jini. Ba mu ce su suka kashe shi ba, ajali na Allah ne. Mun ce dai mun ga shugaban kwamitin nan a sahun gaba wajen sallar jana'izarsa, kuma mun karɓi takardarsa da ke neman a sa wa layin gidan marigayi sunansa. Ƙungiya ta zauna, ta karanta, ta ƙi. Allon suna ba ya shiga jijiyar kowa.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Hajiya Rahmatu Ladan, wadda ta jure ƙarar walda da ƙarar sarƙa a tsakar gidanta shekara tara, da Injiniya Anwar da sauran 'ya'ya da jikoki, da iyalai arba'in da uku waɗanda suka fi mu sanin abin da aka rasa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi.

Sista Faith ta sanar da mu cewa marasa lafiya huɗu daga cikin jerin suna buƙatar ƙarin jini kafin wata ya ƙare, kuma babu wanda zai sake bin gidaje dominsu. Saboda haka za a yi gasa ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe takwas na safe, da kwanduna biyun da suka rage, waɗanda Hajiya Rahmatu ta ce a kafa a ƙofar gidanta ko da tana cikin takaba. Muna gayyatar kwamitin raya unguwa, shugaba da membobinsa. Ba su taɓa riƙe faifai ba, don haka mun san matsayin da za su zo, kuma yanzu su ma sun san dokar. Su karya kumallo da kyau, su sa riga mai saukin naɗe hannu.

Sa hannu:
Malam Aliyu Taufiq Beji
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Masu Wasan Jefa Faifai ta Maitumbi, Minna