Sunanka da Na Ara

Kadif, ƙasar Birtaniya,
9 ga watan Azumi, 1349.

Zuwa ga Yayana Hizam ɗan Mukbil, a Adan.

Sallama irin ta addini da gaisuwar girmamawa su riske ka kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Allah Ya karɓi azuminku, Ya sassauta wa Inna ciwon gwiwarta. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai sanyi da rashin aiki. Wata na uku ke nan ban zuba kwal a injin jirgi ba, kullum muna tsaye a bakin tashar ruwa muna kallon juna. Matata Olwen lafiyarta ƙalau, 'yarmu Nuriya kuwa ta cika shekara huɗu, kuma taurin kanka ta ɗebo kaf.

Yaya, da hannuna na rubuta wannan takarda, saboda haka ka yi haƙuri da karkacewar layi. Ba maganar da zan kai wa mai rubuta wasiƙa ba ce. Ranar Juma'a Sabit na ƙauyenmu ya sauka daga jirgi. Muna buɗe baki a masaukin wani mutuminmu mai suna Kaid, ana cin tuwon asida da romo, sai ya ja ni gefe yana murmushi ya ce, "To, Hizam na aro, mai suna ya tashi neman abinsa." Wai ka yi niyyar kai Inna Makka bana, kuma da an yi Sallah za ka je ofishin fasfo. Shi dariya yake yi, ni kuwa ban koma kan abincin ba. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, in fita in dawo, har Olwen ta tambaye ni ko azumi ne ya taɓa mini kai.

Ka tuna yadda abin ya faro. Kai a Adan aka haife ka lokacin da Baba yake aikin gishiri, saboda haka kana da takardar da ta ce kai talakan Sarkin Ingila ne. Ni kuwa Inna ta koma kan dutse ta haife ni a ƙasar Imam, wadda ba ta ƙarƙashin Ingila, inda babu mai rubuta haihuwar kowa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ka ciro takardar daga akwati ka miƙo mini, ka ce in tafi da ita, kai ba inda za ka. A wurinmu ba wani abu ba ne, kamar aron riga ne tsakanin wa da ƙane. Abin da ban gaya maka ba shi ne, bara da 'yan sanda suka matsa wa baƙi, na kai takardar aka yi mini fasfo. Sai da suka rubuta zuwa Adan aka tabbatar, wata bakwai ina jira. Yanzu a can ofishin da za ka je akwai sunanka, da sunan Baba, da hoton fuskata a manne. Kai dogo, ni kuwa ka san ni, ko makaho ba zai haɗa mu ba.

In ka tsaya gaban Baturen ofishin ka ce kai ne Hizam ɗan Mukbil, to tawa ta ƙare. Za su karɓe fasfo, su sa ni a jirgi. Watan jiya na ga an yi wa wani mutumin Ta'iz haka, matarsa tana tsaye a bakin ruwa da yara uku, ba a bar ta ta hau ba. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye maka ba.

Na juya maganar ta kowace fuska. Na ce ku bi ayari ta ƙasa, sai na tuna gwiwar Inna. Na ce ku bari sai baɗi, sai na ji kunyar kaina, wa ya ba ni tabbacin baɗi a kan tsohuwa mai shekara saba'in? Kaid ya ce abu mai sauƙi ne, ka je ka karɓi takardar alhazai da sunana, ka ce kai ne Radman mutumin dutse, tunda Mai ɗakin da za ku ziyarta Ya san kowannenmu. Wannan shi ne roƙona, ko da yake na san ka, ko a cinikin albasa ba ka iya ƙarya.

Ka karanta wa Inna wasiƙar nan duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya. In ta ce ba za ta fara hanyar ɗakin Allah da ƙarya ba, to ku je ku faɗi gaskiya, sunanka ne, ba ni da bakin hana ka. Abu ɗaya kawai nake roƙo: ka bugo mini wayar tangaraho kwana biyu kafin ka shiga ofishin. Ina so Olwen ta ji daga bakina, ba daga bakin ɗan sanda ba. Shekara shida muna tare, har yau ba ta san sunana Radman ba.

Ka gaishe mini da Inna, ka sumbaci kanta a madadina. Ka gai da matarka Takiya, da Kawu Galib, da su Nashir.

Ƙanenka mai jiran amsa,
Radman ɗan Mukbil.